Hawainiyar Shagon Baba

Shekarata ashirin da biyu ranar da na fara aiki a shagon Baba, kuma ba da fenti na fara ba, da dakon siminti na fara. Shago muke ce masa don bakinmu ya saba, amma fili ne babba mai ƙofar ƙarfe. In ka shiga, rodi ne jibge ta hannun dama, katako ta hagu a ƙarƙashin rumfa, siton siminti can ƙurya, sai ɗan ɗakin fenti da ƙusa da makullai a bakin ƙofa. A nan Baba, mai wurin, yake zama kan wata kujerar katako da ƙafarta ɗaya ta gaza sauran tsawo. Mutumin da ke sayar da katako mota-mota, amma ya hana a gyara masa kujera, sai dai ya tokare ta da guntun tayil.

Mu goma sha ɗaya ne ma'aikata. Duk wanda ya shigo sai Baba ya laƙaba masa suna, kuma sunan nan zai bi ka har gidanka. Direban motar kai kaya Dogo ne, alhali duk shagon babu wanda ya kai shi gajarta. Babbanmu a wajen siminti Kafaɗa, mutumin da zai ɗauki buhu biyu yana ba ka labari. Ni kuwa wata uku na yi ba suna, "kai sabo" kawai, har ranar da wani ɗan kwangila ya zo da murfin gwangwani yana neman irin fentin da ke jikinsa. An fito masa da kala huɗu, ya ce duk ba su ba ne. Ina wucewa da buhu a ka na ce, "Na biyun nan ne, sai dai a ɗiga masa ja kaɗan." Ban san Baba ya ji ba.

"Kai sabo, sauke buhun nan. Zo ka ɗiga mu gani."

Na ɗiga, na juya da sanda, na shafa a gefen murfin. Ɗan kwangila ya duba, ya fita rana ya sake dubawa, ya ce a haɗa masa bokiti shida. Baba ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe hawainiya muka ɗauka aiki ba mu sani ba." Daga ranar ban ƙara ɗaukar siminti ba, kuma har yau akwai maƙwabtana da ba su san ainihin sunana ba.

Baba ba mai sauƙin sha'ani ba ne, kada in yi masa ƙarya don ba ya raye. In ya tsinci ƙusa ɗaya a ƙasa, sai ya ɗaga ta sama ya zagaye shagon da ita yana tambayar wa ya yi arzikin da har yake shuka ƙusa. Amma rana na yin tsaka za a kawo abinci daga gidansa, a ɗora wani tsohon ƙyaure da ya ƙi sayuwa a kan bulo huɗu, mu kewaye shi, har da shi Baban. A nan ake jin wa matarsa ta haihu, wa ɗansa ya faɗi jarrabawa, wa surukarsa ta zo kwana biyu ta shiga wata na uku. Kuma ba ya sayen kaya sai ya tambayi mai taɓa su. In masu talla suka kawo sabon siminti, Kafaɗa zai kira. Kafaɗa ya ɗaga buhun, ya jijjiga, ya ce, "Baba, takardar nan ba za ta jure sauke biyu ba." Magana ta ƙare, ko mai tallan zai yini yana bayani. In fenti ne, ni ake kira. Ka san yadda mutum yake ji in mai kwat da jaka ya tsaya yana jiran abin da zai fito daga bakinsa? Ranar ko takunka sai ya canza.

Ina cikin shekara ta goma sha bakwai aka buɗe wani katafaren kamfanin kayan gini a kan sabon titi. Gabansa duk gilas, cikinsa sanyi, ga motar ɗaga kaya tana yawo da siminti ba wanda ya sa kafaɗa. Cikin wata biyu suka ɗauke mana mutum uku. Sannan manajansu ya aiko a kira ni. Ya ce sun kawo injin haɗa fenti mai kwamfuta, suna son wanda magina suka sani kuma suka yarda da shi ya tsaya a kai. Albashin ya fi na Baba, amma ba shi ya ja ni ba. Katin asibiti ya nuna min, wanda ya haɗa da mata da 'ya'ya. Autarmu kuwa tana da asma, in ta tashi mata sai ka ji numfashinta daga tsakar gida.

Maiɗakina tana wanke-wanke na gaya mata. Ta gama ɗauraye kwanonin tas kafin ta buɗe baki.

"Baban yara, kai kake son tafiya, ko so kake in ce ka tafi don ka samu wanda za ka ɗora wa laifi?"

"Shawara nake nema."

"To ni dai na gaji da goya yarinyar nan a layin asibiti. Amma kai za ka gaya wa Baba da bakinka. Kada ka aika Dogo."

Ta san ni sarai, don Dogon na yi niyyar aikawa.

Kwana uku ina kewaye-kewaye. In goge kanta, in jera gwangwanaye, in sake jerawa. A rana ta huɗu Baba ya ce, "Hawainiya, gwangwanin nan sau uku kana canza masa wuri. Zo ka faɗi abin da ke bakinka tun kafin ka goge masa rubutu."

Na durƙusa gefen kujerarsa. "Baba, mutanen kamfani sun neme ni."

"Na sani. Dogo ya gan ka kana fitowa daga wajensu, kana waige-waige kamar wanda ya saci kaza. Me suka ce za su ba ka?"

Na gaya masa. Ya kalli rumfar katako.

"Yaya jikin Autar?"

"Da sauƙi, Baba. Sai dai in ya tashi."

"To ka tafi."

Na shirya wa faɗa, na shirya wa gori, amma ban shirya wa wannan ba.

"In na ce ka zauna," in ji shi, "ranar da ciwon yarinyar nan ya tashi, fuskata za ka riƙa gani. Ba na so. Amma zan roƙe ka abu ɗaya." Shekara goma sha bakwai ban taɓa jin kalmar roƙo a bakin Baba ba. "Ran Asabar rabin yini suke yi, ko? In kun tashi ka biyo ta nan. Ba sirrin cinikinsu nake nema ba, su riƙe abinsu. Ka gaya min abin da suke yi wa ma'aikata wanda ni ba na yi. Mutum huɗu ba za su bar wuri haka kawai ba."

Kamfani ba su cuce ni ba, gaskiya ɗaya ce. Sun ba ni riga mai tambari, da takalmi, da kati mai lamba da nake gogawa a bakin ƙofa safe da yamma. Auta ta samu likita, ta samu maganin shaƙa, har ta fara guje-guje da 'yan'uwanta. Aikin kuma ba wuya. Mai saye ya zaɓi lamba a cikin littafi, in danna lambar, inji ya ɗiga, ya girgiza, in rufe murfi. Hannuna ya yi laushi, farcena ya yi fari. Abinci kuwa kowa da lokacinsa, minti ashirin, kai kaɗai da bango.

Asabar ta farko na isa shago cikin rigar kamfani. Dogo ya sara min kamar soja ya ce, "Ranka ya daɗe, a kawo ruwan sanyi ko na gilas?" Baba ya nuna min bulo ya ce in zauna.

"To, ina jin ka."

"Baba, can duk mai shiga siton siminti sai ya sa takunkumi a hanci."

"Takunkumi? Su jakuna ne?"

"Saboda ƙura ne, Baba. Sun ce tana cin huhu."

"Wato mu da muka shekara talatin muna shaƙa ba mu da huhu."

Ya yi ta mita har na tafi. Asabar ta gaba na tarar da Kafaɗa da mutanensa kowa da takunkumi, Baba na tsaye a bakin sito yana yi wa wanda ya sauke nasa zuwa haɓa faɗa, kai ka ce shi ya ƙirƙiro abin.

Haka muka riƙa yi. In kawo labari, ya ce shirme ne, bayan sati ɗaya ko biyu in ga shirmen a shago. Safar hannu ga masu ɗaukar rodi. Takalmi mai ƙarfe a baki. Amalanken tura siminti. Hutun kwana ɗaya bi da bi, wanda ya fi komai yi masa ciwo, don shi bai san me mutum zai yi da yini guda a gida ba. Akwai kuma abin da ya ƙi. Da na ba shi labarin katin gogawa a ƙofa, cewa ya yi, "Ina da ido. Wanda ya makara na gan shi, kuma na san abin da ya makarar da shi."

Maganar asibiti ce ta daɗe. Wata shida yana kauce mata. Sai wata Asabar muna zaune Kafaɗa ya kama tari a bayan sito, irin tarin da ba ya tsayawa. Duk mun san tarin nan, shekaru muna jinsa muna cewa mura ce. Baba ya saurara har ya lafa. Ya ce, "Dogo, tayar da mota."

Da kansa ya kai shi. Likita ya ɗauki hoton ƙirji ya ce Kafaɗa ya gama ɗaukar siminti har abada. Dogo ya ba ni labari cewa a hanyar dawowa Kafaɗa kuka yake kamar ƙaramin yaro, yana cewa shi bai iya komai ba sai dako, ina zai nufa da 'ya'ya bakwai. Baba ya daka masa tsawa ya ce, "Wa ya ce za ka nufi wani wuri? Kafaɗarka na ɗauka aiki ko kai? Daga gobe makullin sito a hannunka yake. Ka zauna a waje inda iska take, ka nuna da baki." A satin kuma ya je ya daidaita da wani ƙaramin asibiti a bayan layinmu, duk ma'aikacinsa da iyalinsa a riƙa duba su.

Bayan nan ba wanda ya ƙara barin shago. Kamfani sun aika wa Dogo sau biyu, sun aika wa mai yankan katako, kowa ya ce ya gode. Su kuwa nasu ma'aikatan ba sa daɗewa. Kafin ka riƙe fuskar mutum ya tafi, an kawo wani an ba shi rigarsa. Rannan manaja ya kira ni ofis, ya ba ni kujera.

"Malam, tsohon nan naku me yake ba mutanensa? Mun fi shi albashi, mun fi shi kayan aiki."

Na yi tunani na ce, "Yallaɓai, yana cin abinci da su. Ya san sunan 'ya'yansu. In zai sayi kaya yana tambayarsu."

Ya rubuta duka a takarda yana gyaɗa kai. Mutumin kirki ne, da gaske yake. Bayan sati biyu aka manna wani babban allo a ɗakin cin abinci, da hoton mutane suna dariya, an rubuta cewa dukkanmu iyali ɗaya ne. A ƙarƙashin allon nake zama in ci abincina ni kaɗai. Da na ba Baba labari ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan kam ba zai kwaikwaya ba, bangonsa duk kaya ne.

Na kusa cika shekara biyu a can wata dattijuwa ta shigo. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da ɓallin fenti ɗan mitsitsi, bai kai farce ba. Ta ce daga bangon ɗakinta ya fito. Marigayi mijinta ne ya shafa da hannunsa shekara arba'in da suka wuce, yanzu ruwa ya ɓata bango ɗaya an sake yaɓe. 'Ya'yanta sun ce a mayar da ɗakin fari gaba ɗaya, ita kuwa bangon nan ɗaya kawai take so a dawo mata da shi ya dace da 'yan'uwansa.

Na sa ɓallin a idon inji, ya ba da lamba, ya haɗa ɗan gwaji. Ta duba ta girgiza kai. "Ɗana, shuɗi ne, amma ba shi ba ne."

Gaskiyarta. Shuɗin nata ya sha rana da hayaƙi, ya ɗan karkata zuwa kore, da ɗan toka-toka a ciki. Ina kallo na san abin da ya rage, yatsuna har ƙaiƙayi suke. Amma dokar kamfani ce ba a ƙara komai da hannu. Na rage murya na ce, "Mama, kin san shagon kayan gini mai ƙofar ƙarfe, kafin a kai gada? Ki same ni can ran Asabar da rana."

Ta riga ni zuwa. Baba ya ba ta kujerar roba, har sun yi nisa a hira. Tun tafiyata ba a ƙara haɗa fenti a shagon ba, rufaffen gwangwani kawai ake sayarwa. Na naɗe hannun riga, na samo sanda, na zuba fari, na sa shuɗi, na ɗiga ruwan ɗorawa, na taɓa baƙi da bakin ƙusa. In shafa a katako, in jira ya sha iska, in kara ɓallin, in ƙara. Na fi rabin awa. Ban lura ba ashe duk an bar aiki an kewaye ni. A shafa ta biyar na miƙa mata katakon. Ta fita da shi rana, ta ɗora ɓallin a kai. Sai da ta lalube shi da yatsa kafin ta gane inda yake. Ta rufe baki da mayafi, ta daɗe a haka.

"Shi ne," ta ce. "Allah ya yi maka albarka."

Baba kuwa ba ni ya kalla ba. Dattijuwar ya kalla ya ce, "Dogo zai kai miki har gida."

Da na koma gida maiɗakina ta kalli rigata ta ce, "Shekara biyu ban wanke fenti a kayanka ba. Kuma yau tun daga ƙofa nake jin kana waƙa, da muryar nan taka mai korar kaji."

"Wani ɗan aiki na yi a shago."

"Baban yara, ka koma mana. Asibitin da Baba ya samo, matar Dogo ta ce akwai likitan ƙirji. Don yarinya ka je kamfani, yarinya ta samu lafiya. Ni kuma na gaji da mijin da yake dawowa fes kamar ba inda ya je, ya zauna ya yi tagumi."

Na ba kamfani wata guda kamar yadda doka ta ce. Manaja ya yi min tayin ƙari, na gode masa, muka rabu lafiya. Sannan na je na durƙusa gefen kujerar Baba na ce, "Baba, ko akwai wuri?"

Ya ɗaga murya. "Kafaɗa! Ga wani yana neman aiki. Me ka gani?"

Kafaɗa ya taso da makullansa suna kaɗawa, ya zagaye ni, ya taɓa damtsena ya taɓe baki. "Hannun nan ya yi laushi, Baba. A gwada shi wata uku mu gani."

Shago ya kaure da dariya. Ni ma ina dariyar, ina share ido da gefen hannu.

Shekara tara muka ƙara tare da Baba. A ta ƙarshe jikinsa ya shanye ɓari ɗaya, babbar 'yarsa, wadda ta karanci aikin injiniya, ta karɓi shagon. Ya yi wata huɗu a kwance, sai rannan da hantsi ya ce shi sai an kai shi shago. 'Yar ta fito da ƙaramar mota, ya ce ba zai shiga ba, motar kaya yake so. Dogo ya je ya ɗauko shi a gaban motar. Muka zaunar da shi a kujerar roba, mu huɗu muka ɗaga, muka zagaya da shi ko'ina. Maganarsa ba ta fita sosai, sai ka kara kunne. Ya shafa katako da hannunsa mai lafiya. Ya tambayi mai yankan katako ko ɗansa ya samu makarantar. Ya tambaye ni Auta, na ce tana shekarar ƙarshe a sakandare. Ya ce ma sha Allah.

Da muka zo wajen kwanon rufi ya ce a tsaya. Ya daɗe yana kallo, fuskarsa ta haɗe. Muka sunkuya gaba ɗaya mu ji abin da zai ce, 'yarsa har ta fara hawaye.

"Wane mara hankali ne," in ji Baba, "ya jera kwano a ƙasa ba katako a ƙarƙashi? Tsatsa kuke sayarwa?"

Dogo ya ce sabon tsari ne. Baba ya ce sabon shirme dai. Muka mayar da shi mota yana ta faɗa, kuma mun ji daɗin faɗan nan fiye da yadda zan iya gaya maka.

Sati uku bayan nan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kwanon kuwa tun washegari muka sauke shi duka, ɗari huɗu da wani abu, muka shimfiɗa katako muka sake jerawa. Yini guda ya ci mana, har 'yar Baba ta sa safar hannu ta kama, Kafaɗa na zaune a inuwa yana nuna mana da baki.